Daga sulken doki zuwa motar sulke: Tarihin sansanonin soja a ƙasar Dutse

Idan Sallah ta zo aka yi Hawan Bariki a Dutse, hankalin 'yan kallo yakan tafi ne kan ado: rawuna da alkyabbu, kwalliyar dawakai, da 'yan lifida da ke tafe a ayarin Sarki. Matasa na binsu da waya suna ɗauka, kafin magariba hotunan sun cika Facebook. Ba kowa ke tuna cewa kayan nan da ake ado da su yau, kayan aiki ne a da ba. Lifidi ana sa wa doki ne don kada kibiya ta huda shi. Sulke kuwa riga ce ta zobban ƙarfe da barde ke sawa saboda kaifin takobi.

Sunan hawan ma yana ɗauke da nasa tarihin. Bariki kalma ce da Hausa ta ara daga bakin Turawa. Asalinta mazaunin soja ne, daga baya ta zama sunan duk unguwar da Bature mai mulki ke zaune, har ta kai ana kiran wanda ya bar gida ya rungumi rayuwar birni ɗan bariki.

Yau kalmomin biyu sun sake haɗuwa a babban birnin Jigawa, domin a Dutse ne hedikwatar Birged ta 26 ta Sojojin Ƙasa take, wadda birged ce ta motoci masu sulke. Jihar da ta daɗe tana dogaro da barikokin Kano ta samu nata. Mutane da yawa na tambaya: me jihar da ake yi wa kallon ɗaya daga cikin mafiya zaman lafiya a Arewa za ta yi da birged guda? Wani ɓangare na amsar yana cikin taswira, kuma taswirar ta girmi Najeriya.

Garin da duwatsu suka yi wa ganuwa

Wanda ya shiga Garu, tsohon garin Dutse inda fadar Sarki take, zai gane dalilin zaman mutanen farko a wurin ba sai an gaya masa ba. Duwatsu ne jibga-jibga sun kewaye wurin, mashigarsu ƙunci gare ta, mai doki ba ya iya sukuwa a cikinta, wanda ke sama kuwa yana hango ƙurar mahara tun daga nesa. Sansanin soja na farko a wannan ƙasa shi ne garin kansa.

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin da yaƙe-yaƙensu, ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Ya kai wa garin yaƙi, kuma ya auri 'yar Sarkin Dutse. Bayan kusan shekara 300, Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, shi ma ya ɗaura wa Dutse yaƙi. Garin da sarakunan Kano za su riƙa fitowa da kansu dominsa, ba ƙaramin gari ba ne a lissafin yaƙi.

Takai, da ke kan hanyar Kano zuwa wannan yanki, ita ma ta shiga lissafin. Sarki Babba Zaki, wanda shi ne ya fara kafa 'yan bindiga masu tsaron Sarki a Kano, ya gina gida a can a shekarun 1770. Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893, a Takai ɗin ne Yusufawa suka kafa sansani, daga nan suka tara rundunar da ta ƙwace birnin.

Rundunar wancan zamani ba ta da albashi, ba ta da bariki. Sarauta ce tsarinta. Madaki shi ne jagoran mahaya, ga Sarkin Yaƙi, ga Barde, ga Jarmai, ga Sarkin Baka da 'yan bakansa masu kibiya mai dafi. Idan aka buga tambari, kowane hakimi ya zo da dawakansa da dakarunsa da guzurinsu. Kuma yaƙi yana da lokaci: sai an yi girbi, rafuka sun janye, sannan a fita. Damina ta gona ce.

Barazanar da ke fitowa daga kudu

Bayan Jihadi, Dutse ta shiga hannun jagororin Fulani biyu, Salihi da Musa, a ƙarƙashin tutar Kano. A nan ne aikinta ya sauya. Maimakon garin da Kano ke yaƙa, sai ta zama garin da ke tare wa Kano faɗa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa tsarin da ake kira ribaɗi. Za a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, a ba su gonaki da malami da alƙali. Suna noma suna tsaro. Shi kansa Bello a ribaɗinsa na Wurno ya fi zama. Sarakunan Kano sun ɗauki wannan dabara, kuma babu fuskar da ta fi buƙatarta kamar kudu maso gabas.

Dalili shi ne Ningi. A shekarun 1840 wasu malamai daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, ƙarƙashin Malam Hamza, suka saɓa da hukuma kan haraji, suka yi hijira zuwa duwatsun Ningi. A can suka haɗa kai da mutanen duwatsun, suka kafa daular da ta gagari Kano da Bauchi da Zazzau fiye da shekara 50. Zamanin Ɗan Maje da waɗanda suka biyo bayansa, Ningawa kan fito daga daji da rani, su afka wa ƙauyuka, su kwashi mutane da dabbobi, su koma cikin duwatsu kafin gudummawa ta iso daga birni. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su. Garuruwa masu ganuwa irin su Gwaram da Birnin Kudu da Dutse su ne garkuwar Kano ta wannan fuska, kuma mutanensu ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye. Za su sake dawowa.

Ranar da igwa ta fasa ganuwa

A ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano. Ganuwar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa ba ta jure wa igwa ba. Dutse, da yake a ƙarƙashin Kano take, ta shiga hannun Turawa da faɗuwar birnin. Haɗejiya ce ta tsaya sai da aka gwabza, a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen daga tare da manyan bardensa. Har yau Mai Shahada ake kiransa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Turawa 'yan kaɗan ne a cikin rundunonin nan. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da yawansu Hausa suke ji. Rundunar Sojojin Najeriya ta yau tana danganta asalinta ne da wata 'yar ƙaramar ƙungiya da Laftanar John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 Lugard ya kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen da ake magana da soja a cikinta. Shi ya sa muƙaman soja suka zauna daram a bakin Bahaushe kamar nasa: kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa.

Turawa sun sauya wurin zaman soja gaba ɗaya. Ba su buƙatar ribaɗi a kowace iyaka, tunda masarautun da ke yaƙar juna duk sun koma ƙarƙashinsu. Abin da suke so shi ne su tara soja a inda za a iya kwashe su da sauri, wato bakin layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kaduna ta zama cibiya, a Zariya aka kafa makarantar horar da kurata a 1924, wadda har yau take aiki, Kano ta samu bataliya. Da aka ja layin dogo zuwa Nguru, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya bi. Dutse ba ta samu tasha ba, ba ta samu bariki ba. Garin da sarakuna suka yi ta yaƙi a kansa ya koma gunduma a cikin gundumomin Kano.

Sai dai ƙauyukan Arewa ba su daina ba da sojoji ba. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Najeriya sun yi yaƙi a gabashin Afirka, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a 1941, sannan aka kai Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma dazuzzukan Burma su fuskanci Japanawa. Sunayen barikokinmu ne suka adana wannan tarihi, ko da yake yawancin masu wucewa ta ƙofarsu ba su sani ba. Dalet da Kalapanzin a Kaduna sunayen wurare ne a Burma. Chindit a Zariya sunan wata runduna ce ta musamman da bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944. Bukavu a Kano kuwa gari ne a gabashin Kongo, ƙasar da sojojin Najeriya suka je aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960.

Jihar da soja ya ƙirƙira

A barikin Kano ne Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu yake kwamandan Bataliya ta 5 lokacin juyin mulkin Janairun 1966. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya kumbura rundunar daga kusan mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, kuma a cikinsa ne aka haifi Runduna ta Ɗaya, wadda Muhammadu Shuwa ya jagoranta. Ita ce yau ke da hedikwata a Kaduna, kuma Jigawa na cikin yankin da take kula da shi.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga Kano, ya sa Dutse ta zama babban birni. Shi kansa Babangida hafsan motocin sulke ne. Wanda ya fara riƙe jihar soja ne, Kanar Olayinka Sule. Bayan ɗan gajeren mulkin Ali Sa'ad Birnin Kudu, sojoji uku suka biyo baya: Ibrahim Aliyu, Rasheed Shekoni da Abubakar Maimalari, wanda ya miƙa wa Saminu Turaki mulki a 1999.

Abin mamaki, jihar da soja ya yanka, soja ya raina, ta yi shekaru ba ta da babban sansani nata. Idan wani abu ya taso, Birged ta 3 da ke barikin Bukavu ake dubawa, tafiyar fiye da kilomita 100. A shekarun da babu abin da ya fi rikicin siyasa da na manoma da makiyaya, wannan bai dami kowa ba.

Boko Haram ce ta sauya lissafin. Ranar 20 ga Janairu, 2012, aka kai wa Kano harin da ya kashe aƙalla mutum 185. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, a watan Agusta aka kafa Runduna ta 7 a Maiduguri. Jigawa ta samu kanta a tsakiya: Yobe a gabas, Kano a yamma, kuma babban titin da ya haɗa Kano da Maiduguri ta Shuwarin da Kiyawa ya ratsa. Direbobin wancan lokaci ba za su manta da shingayen bincike da dogayen layuka ba.

A watan Afrilun 2014 'yan bindiga suka afka wa Gwaram da dare, suka kai hari ofishin 'yan sanda da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai. Bayan wata uku, a Yuli, sojoji suka sanar da tarwatsa sansanonin mayaƙa a dajin Balmo, wanda ya taso daga jihar Bauchi ya taɓo kudancin Jigawa. Gwaram ɗin dai, dajin kudu ɗin dai. Maharan sun bar doki sun hau babur da mota, amma ƙofar da suka shigo ita ce wadda Ningawa suka riƙa bi.

Mece ce birged, kuma me take yi?

Tsarin sojan ƙasa hawa-hawa ne. Bataliya tana da sojoji ɗaruruwa, Laftanar Kanar ke jagorantarta. Bataliyoyi kaɗan, galibi uku, tare da sassan sadarwa da gyara da lafiya da sufuri, su ne birged, a ƙarƙashin Birgediya Janar. Birged-birged kuma su haɗu su zama runduna, wadda Manjo Janar ke riƙewa. Saboda haka idan aka ce gari ya samu hedikwatar birged, ana nufin akwai babban hafsa a wurin da ke da hurumin tsara aiki, ba sai ya jira umarni daga wata jiha kan kowane ƙaramin motsi ba. A harkar tsaro, awa biyu da ake ɓatawa a hanya na iya zama bambanci tsakanin tarar da mahara da tarar da toka.

Sashen motocin sulke shi ne magajin mahaya dawakai. Aikinsa gudu da ƙarfin wuta da kariya: tankoki, motocin leƙen asiri, da motocin ɗaukar sojoji waɗanda harsashi ba ya hudawa. Makarantar wannan sashe a Bauchi take, kuma akwai irin waɗannan birged a Yola da Ilorin. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Jigawa, mai rairayi da ƙarancin duhuwa, ita ce irin filin da aka ƙera motocin dominsa.

Sashe na 217 na Tsarin Mulkin 1999 ya fayyace aikin soja: kare ƙasa daga farmakin waje, tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama, da murƙushe tawaye tare da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka idan Shugaban Ƙasa ya nema. Biyun farko ba zance ne na takarda kawai ba a Jigawa, domin jihar na da doguwar iyaka da Jamhuriyar Nijar. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi aka kuma rufe iyaka, mutanen Maigatari sun ga yadda kasuwar dabbobinsu ta yi sanyi cikin 'yan makonni. A watan Agustan shekarar ne kuma aka naɗa tsohon gwamnan jihar, Muhammad Badaru Abubakar, ministan tsaro.

Ta sama kuwa, sansanin sojojin sama mafi kusa yana Kano, inda ake horar da matuƙa jiragen yaƙi. Filin jirgin Dutse, wanda gwamnatin Sule Lamiɗo ta gina aka buɗe a 2014, na farar hula ne, alhazai suka fi saninsa.

Maƙwabtaka da bariki

Bariki ba bindiga kaɗai yake kawowa gari ba. Yana zuwa da albashin da ake kashewa a kasuwa duk wata, da masu neman hayar gida, da makaranta da asibitin da farar hula kan amfana da su, da kasuwar mami inda mai tsire da tela da mai gyaran waya ke samun ciniki. Yana zuwa da mutane daga kowace kusurwa ta Najeriya, da yarukansu da abincinsu. A ƙarshen shekara sojoji kan yi bikin al'adu da suka gada tun zamanin Turawa, wanda gajeren sunansa na Turanci ya faɗo daidai kan kalmar Hausa: wasa.

Yana kuma cin fili, kuma a ƙasar da gona ita ce jarin talaka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk inda za a kafa sansani ko filin atisaye, batun diyya da burtali da hanyar zuwa gona yana tasowa. Idan ba a warware shi tun farko a gaban dagaci da hakimi ba, yakan zama gyambon da ake gadar wa 'ya'ya.

Babbar damuwar ita ce aiki na uku da Tsarin Mulki ya ambata. An rubuta shi ne a matsayin abin da za a yi idan tura ta kai bango, amma yau sojoji na aikin tsaron cikin gida a mafi yawan jihohin ƙasar nan. Matsalolin da suka fi damun tsakiyar Jigawa su ne rikicin manoma da makiyaya lokacin girbi, satar shanu, fashi, garkuwa da mutane jefi-jefi, da tarzoma irin ta ranar 1 ga Agusta, 2024, wadda ta sa aka kafa dokar hana fita a jihar. Yawancin waɗannan aikin ɗan sanda ne da alƙali. An horar da soja ya fatattaki abokin gaba, ba ya binciki wanda ya fara sakin shanu a gonar gero ba. Idan kuskure ya faru a hannunsa kuma, yakan yi muni. Mutanen Tudun Biri a jihar Kaduna, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi fiye da 80 a ranar 3 ga Disamba, 2023, shaida ne.

Motar sulke ma tana da iyakarta. Idan kogin Haɗejiya ya cika ya malala a fadamun Ringim da Miga da Jahun, kamar yadda ya yi a ambaliyar 2022, kwalekwale ya fi tanka amfani. A cikin dajin da ke tsakanin Gwaram da ƙasar Bauchi kuwa, mafarauci da ɗan banga da Bafulatanin da ke kiwo a wurin sun fi kowace na'ura sanin wanda ya kwana a gindin wace bishiya.

Masarautar Dutse ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai: Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram. A kowace daga cikinsu, idan baƙuwar fuska ta sauka a ƙauye, mai unguwa ne ke fara ji. Shi zai gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Garu, inda Sarki Hameem Nuhu Sanusi ke zaune tun 2023. Ta wannan hanya ce labarin Ningawa ke isa fada a zamanin Maje Karofi, a bakin ɗan aike mai doki. Yanzu a waya ake kira.